Muryar Hajiya Delu

Habsatu ɗiyar Sa'idu baduku ta shekara ashirin da biyar tana wasan kwaikwayo, kuma ba ta taɓa fitowa gaban jama'a babu fargaba ba. Abokan aikinta na Yamai sun san haka. In an kusa buɗe labule sai su ga ta koma lungu ta dafa bango tana haɗiyar yawu. Da zarar ta taka dandali ta buɗe baki, sai ka rantse a kansa aka haife ta.

A Filinge ta fara, shekarar da aka samu mulkin kai, tana da shekara goma sha huɗu. Tana cikin ƴan mata biyar da ke lakwal, wato makarantar boko, a garin. Mushensu, malamin ajinsu, ya shirya wasa don bikin, ya ba ta matsayin wata tsohuwa mai saida fura da ke rigima da kowa a kasuwa. Habsatu ta yi amai a bayan katangar lakwal, ta kurkure baki, ta ɗaura zanen kakarta, ta fito tana ɗingishi. Mutanen Filinge suka yi dariya har wasu suka zauna ƙasa. Mahaifinta yana cikin taron, bai yi dariya ba. Ya koma rumfarsa ya ci gaba da ɗinkin fata, ya yi wata guda bai kira sunanta ba. Bai hana ta ba, bai kuma sake zuwa kallonta ba har ya rasu.

Da ta gama lakwal ta tafi Yamai ta koyi buga takarda, ta samu aiki a wani biro, wato ofis. Da safe tana bugu, da la'asar tana gidan rediyo cikin masu wasan Hausa. Muryarta ce ta riga fuskarta shiga gidajen mutane, murya mai kauri da ɗan shaƙewa a ƙarshen magana, wadda in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Lokacin fari na shekarar saba'in da uku ta bi ƙungiyarsu gari gari a bayan kamiyo, babbar motar kaya, suna wasa a kan yadda ake dafa jar dawar taimako da mutane ba su saba ci ba. Ta yi aure, mijin ya rasu da ƙuruciya, ba ta sake yi ba. Da aka buɗe gidan telebijin aka ɗauke ta cikin na farko. Gwamnati ta raba akwatunan telebijin a garuruwa, ana ajiye su a filin samariya, dandalin matasa, faifan rana ke ba su wuta, kowa ya zo ya zauna a rairayi ya kalla. Daga nan fuskarta ta bi muryarta har inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba.

Daminar tamanin da huɗu ta ƙi. Gero ya tsiro ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Tahiru, wanda ke rubuta musu wasa yana kuma shirya shi, ya rubuta wani mai kashi-kashi a kan wata ƴar kasuwa, Hajiya Delu, wadda ke haɗa baki da mai makullin mangaza, ɗakin ajiyar hatsi na hukuma, ana karkatar da hatsin taimako zuwa ɗakinta. Habsatu ya ba matsayin. A kowane kashi akwai inda wata mace za ta zo ƙofa da goyo tana roƙon ko tiya guda ta hatsi, Hajiya Delu ta tare ƙofar da jikinta, buhuna jibge a bayanta har rufi, ta lanƙwasa wuya ta ce, "Babu, ɗiyata, wallahi ko ƙwaya babu." Habsatu ce ta ƙirƙiro lanƙwasa wuyan, ita ce kuma ta ƙara ƴar dariyar da ke biyo baya in an rufe ƙofa.

Wasan ya karɓu fiye da duk abin da ta taɓa yi. A kasuwar Yamai masu tumatir suna yi mata ihu, "Hajiya Delu, a fito da hatsi!" Tana dariya ta wuce. Sau ɗaya wata mata ta tofa yawu a gefen ƙafarta, ba da wasa ba. Ta gaya wa Tahiru, ya ce ai wannan shi ne shaidar aikin ya yi kyau.

Cikin watan huɗu, tsakiyar bazara, saƙo ya zo mata daga yayarta Dija, da ke aure a wani ƙauye arewa da Filinge. Sun cinye iri, yanzu anza, ƴaƴan itacen daji masu ɗaci, suke jiƙawa suna ci, ƴaƴan sun fara kumburin ƙafa. Habsatu ta nemi izinin kwana huɗu. Ta sayi gero buhu biyu a kasuwa. Buhunan tsofaffi ne, irin na taimako masu rubutun Nasara a jiki, waɗanda ƴan kasuwa ke sake zuba kaya a ciki. Ta gan su, ba ta kawo komai a ranta ba.

Ta shiga Fijo mai buɗaɗɗen baya ta wani direba Kailu, ɗan Filinge da ya san ta tun yana yaro. Ya ba ta gaba, ya ɗora buhunan a baya ya rufe da tampol. Suka bar Yamai da sassafe. A Baleyara ta ga kasuwar shanu cike kamar kullum, sai dai shanun ba sa kuka, wasu ma sai an tallafe su suke tsayuwa. Bayan Baleyara mushe ya fara, dama da hagu, fata manne da ƙashi, angulaye zaune a kai sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta wuce. Habsatu ta ja mayafinta ta rufe hanci da baki, ta bar shi haka.

Saura kamar tafiyar awa guda a ƙafa su kai Bonkuku, tiyon ruwan motar ya fashe. Tururi ya taso, Kailu ya gangara gefen hanya. Ya ɗaure tiyon da roba, ya juye duk ruwan da ke motar, har da na gorar Habsatu, ruwan ya bi ƙasa nan take. Sauran fasinjojin ƴan Bonkuku ne, suka ɗauki ƙunshinsu suka kama hanya. Kailu ya leƙo ta taga.

"Tanti, za ni cikin gari in samo tiyo da ruwa. Ki zamna cikin mota, kada ki hita. In wani ya zo, kada ki yi dogon zance."

"In bi ka mana."

"Da waɗanga takalma? Rana za ta kada ki. Kuma wa za shi tsare kaya?"

Ya tafi. Ta bi shi da ido har ya ƙanƙance cikin ƙyallin rana.

Sai a lokacin ta lura da sansanin. Yana gabas da hanya, ƙarƙashin itatuwan gawo da aka sassare wa rassa don dabbobi. Bukkoki ne na zana da tsumma, sun fi ɗari. Mutanen arewa ne da suka gangaro, Fulani da Buzaye da manoman yankin Kurfai, suna jiran rabon abinci a Bonkuku. Babu hayaƙi ko ɗaya da ke tashi, ga shi rana ta take tsaka. Ba ta ji ƙarar turmi ba.

Ta yi kamar awa guda tana gumi a cikin motar. Can ta hango wata mace ta fito daga sansanin da buta a hannu, tana tahowa a hankali. Doguwa ce, matashiya, kitsonta ya tsufa, ƙashin wuyanta ya fito. Ta tsaya a bakin taga ta yi sallama ta miƙo butar.

"Baiwar Allah, ko kuna da ruwa? Ɗiyata ba ta da lahiya, rijiya ta yi nisa."

Wata shida Habsatu ta yi tana faɗar magana guda kowane mako, harshenta ya riga tunaninta. Ta cikin mayafi ta ce, "Babu, ɗiyata, wallahi..." Ta ji abin da ta faɗa, ta katse maganar.

Matar ba ta janye butar ba. Ta ƙura mata ido.

"Sake hwaɗi."

"Direba ya zuba ma mota ruwan duka, yanzu shina..."

Matar ta sa hannu ta taga ta fizge mayafin. Ta dubi fuskar, ta dubi wushiryar da ta saba gani a akwati, ta dubi wuyan. Butar ta faɗi ƙasa. Ba ta yi ihu ba tukuna, sai da ta ja da baya taku uku, sannan ta juya wajen sansanin ta kwarma kira da Fillanci. Habsatu ba ta jin Fillanci, amma ta tsinci kalma biyu a ciki: Hajiya Delu.

Suka fito. Abin da ya fi tsorata ta shi ne ba wanda ya yi gudu, ba wanda ya ɗaga murya. Ba su da ƙarfin gudu. Suna tahowa ne a hankali, maza da mata, wasu da sanda, wasu da goyo, ƙafafunsu na jan rairayi. Ta kama marikin gilashi tana murɗawa, ya ƙi hawa. Ta danna makullin ƙofa. Kafin ta ɗago sun kewaye motar, inuwarsu ta rufe tagogin.

"Ita ta," in ji matar, yanzu da Hausa don kowa ya ji. "Na gane ta. Ita ta ka ɓoye hatsinmu."

"Bayin Allah, ku saurare ni." Muryar da ta saba cika fili ba da lasifika ba ta fito siririya. "Wasa na kunka gani. Ba sunana Delu ba. Ni Habsatu, ɗiyar Sa'idu baduku na Hilinge. Ku tambayi kowa cikin kasuwar Hilinge."

Ta ji motar ta girgiza. Wani ya hau baya ya yaye tampol. Wani gunaguni ya ratsa taron kamar iska cikin kara. Sun ga rubutun da ke jikin buhunan, irin wanda suke gani a kan kamiyo yana wuce su. Wani ya soka wuƙa, ta ji zubar gero a kan ƙarfen mota.

"Saye ni yi!" ta ce. "Kasuwa ni saye, yayata za ni kai ma!"

Matar ta zura hannu ta cire makullin, ta buɗe ƙofar, ta kama wuyan hannun Habsatu ta jawo ta waje. Takalmi ɗaya ya tsaya cikin mota, rairayi ya ƙona mata tafin ƙafa. Wani abu ya buge ta a gira, ba ta ga wanda ya jefo ba. Ta ji ɗumi yana gangarowa cikin idonta na hagu. Ta durƙusa, ta fara kalmar shahada a fili.

"A'isa, sake ta."

Wani tsoho ne ya yi maganar, dogo, da malfa da sandar kiwo. Hamani sunansa. Garke guda ya gangaro da shi daga arewa, sandar kaɗai ta rage masa, amma mutanen sansanin har yanzu suna buɗa masa hanya. A'isa ba ta sake ta ba, ta dai sassauta. Tsohon ya ce a kai baƙuwar inuwa a ji ta bakinta. Aka tasa ta gaba har gindin wani gawo, aka zaunar da ita a ƙasa. Maza suka zauna suka yi mata zobe, mata na tsaye a bayansu. Can wajen mota wasu na kwasar gero da ƙwarya da gefen zane, suna tsince wanda ya zube a rairayi ƙwaya ƙwaya.

Wani mutum mai rawani ya fara tambaya.

"Ina ɗakin nan yake, mai buhuna?"

"Babu ɗaki, Malam. Katako na da kwali, cikin gidan telebijin. In an ƙare ana kwance shi."

"Buhunan hwa?"

"Ba hatsi ciki. Rairayi muka zubawa don su tsaya."

Taron ya motsa. Wata tsohuwa ta ce, "Kun ji da bakinta. Rairayi." A kashi na biyar Hajiya Delu ta cuɗa gero da rairayi ta sayar, kuma sun gani. Habsatu ta gane duk abin da ta faɗa ƙara nutsar da ita yake yi. Ta rufe baki. Maza suka koma Fillanci, wasu Buzanci, suna gardama ƙasa ƙasa, wani yana nuna hanya, wani yana nuna ta. Tana bin bakunansu da ido ko za ta karanci abin da ake yanke mata, ba ta gane komai ba.

Hamani ya matso ya tsuguna kusa da ita, ya miƙa mata wani tsumma ta danne girar. Ya yi magana yadda ita kaɗai za ta ji.

"Ɗiyata, ni na san wasa. Na yi dako Yamai shekara biyu ina saurayi, na shiga silima."

"To Baba, ka hwaɗa musu, don Allah."

"Na hwaɗa tun ran da anka hwara nuna ki. Wasu sun yarda. Amma dubi wagga." Ya nuna A'isa da haɓa. "Shekaranjiya ta binne ɗanta. Sau ukku tana zuwa mangaza ana ce mata babu. Da marece ta zamna gaban akwati ta gane ki tsaye, hatsi bayanki har sama, kina dariya. Akwatin nan shi ka hwaɗa muna ranar da kamiyo za shi zo, kuma shi zo. Ƙaƙa za ni ce mata rabinshi gaskiya, rabi wasa?"

"Mi za su yi min?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Sun ji maganata sau guda. Ban san ko za su ji ta biyu ba."

Inuwar gawon ta matsa, rana ta same ta a baya, ba ta iya ko gyara zama ba. Tana ta duban hanya, babu Kailu, babu wata mota. Ta tuna ba wanda ya san inda take sai shi. Ta tuna ramukan da ta hango a bayan sansanin, sababbi, an jera musu ƙaya.

Sai A'isa ta ratso zoben maza ta tsaya a kanta. A hannunta akwai ƴar wuƙar yankan kaba.

"Tashi. Zo ki gani."

Habsatu ta dubi Hamani, ya kau da kai. Ta tashi. A'isa ta ja ta tsakanin bukkoki, mutane na bin su. A ƙofar wata bukka ta danna mata kai ta tura ta ciki. Da duhun ya rufe ta Habsatu ta tabbata a nan za a yanka ta, ta runtse ido ta ɗaga kafaɗu tana jiran wuƙa a wuya.

Ba abin da ya taɓa ta. Ta buɗe ido. A kan wani buhu da aka shimfiɗa wata yarinya ce kwance, ba ta wuce shekara uku ba, idanunta sun faɗa, leɓenta ya tsage, ƙuda na bin gefen bakinta ba ta kora. Warin zawo ya cika bukkar.

"Sunanta Rakiya," in ji A'isa daga bayanta. "Hwaɗa mata. Hwaɗa mata babu, yadda kika hwaɗi."

Habsatu ta durƙusa. Ta taɓa fatar cikin yarinyar, ta ɗan tsunkula, fatar ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ta taɓa ganin haka a saba'in da uku, ta san abin da ke biyo baya. Ba ta ƙara cewa ita ba Delu ba ce.

"Wagga ba hatsi taka so ba yanzu, ruwa taka so, na likita. In mota ta tashi mu kai ta Hilinge."

"Don ki gudu."

"Ki riƙe ni. Ki zamna kusa da ni, kada ki saki hannuna har mu kai. In ni yi motsin gudu, ga wuƙa hannunki."

A'isa ta daɗe tana dubanta. Ba ta ce ta yarda ba. Ta zauna a bakin bukkar ta tare ƙofa, wuƙar a cinyarta, suka yi ta jira su uku. A waje turmi ya fara ƙara, ɗaya, sannan uku, sannan ko'ina.

La'asar ta yi kafin Kailu ya dawo a kan keken jaki, da tiyo da jarka biyu. Da ya hango taro a jikin motarsa ya so ya juya, mai jakin ya ce shi ba ya komawa da kaya. Ya iso yana rantsuwa cewa Habsatu ƴar wasa ce, ya san gidansu, ya san ubanta. Mai rawani ya ce dama ai shi ke yi mata jigila. Kailu ya shiga ƙarƙashin mota. Gardama ta sake tashi a kan ko za a bar ta ta tafi. Hamani ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi da kansa zai bi motar ya miƙa ta ga hukuma a Filinge, in tana da laifi a can za a tuhume ta. Wasu ba su so ba, amma ƙamshin kunu ya fara tashi daga bukkoki, zoben ya yi ta raguwa.

Suka shiga gaba su uku da yarinyar, Hamani a baya. Habsatu na tsakiya, ba ta ko tuna da takalminta ba. A'isa ta rungume Rakiya da hannun dama, da na hagu ta riƙe wuyan hannun Habsatu, wuƙar na tsakanin cinyoyinsu. Habsatu na tsoma gefen mayafinta a ruwan jarka tana ɗiga wa yarinyar a baki. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta kasa kunne ta ji ko yarinyar na numfashi. Ta san in numfashin nan ya tsaya a hanya, Kailu ba zai iya tsayar da mota ya riga wuƙar ba. A haka suka wuce Bonkuku har suka hango gidajen Filinge.

Rana na shirin faɗuwa suka tsaya a ƙofar likita, asibitin garin. Malamin da ke aiki ya fito yana goge hannu, ya ga fuskar Habsatu, ya washe baki.

"Kai! Hajiya Delu da kanta! Yau ina anka ɓoye hatsin?"

Faratan A'isa suka nutse cikin fatarta. "Don girman Allah ka bari," Habsatu ta ce da shi, "dubi ɗiyar ga." Ya ga jinin da ya bushe a fuskarta, ya ga yarinyar, dariyar ta ɗauke. Ya karɓi Rakiya ya shige da ita, ya nemi jijiya a hannu bai samu ba, sai a gefen kai. Sai da ruwan ya fara ɗiga A'isa ta saki hannun Habsatu. Shatin farata huɗu ya kwana biyar bai ɓace ba.

Hamani bai kai ta ga kowa ba. Ya zauna a gindin bishiyar bedi a harabar likita ya yi sallolin da suka wuce shi, da safe ya roƙi Kailu ya sauke shi a inda ya ɗauko shi. Habsatu ta tambaye shi abin da zai gaya wa mutanen. Ya ce zai ce ya miƙa ta, tunda ai malamin likita ma ma'aikacin hukuma ne.

Aka yi wa Habsatu ɗinki uku a gira. Ta kwana a gidan wata ƙawar ƙuruciyarta, washegari ta samu keken shanu zuwa ƙauyen Dija. Ta iske yayarta a tsakar gida tana tsiyaye ruwan anza. Dija ta dubi bandejin, ta dubi hannuwan ƙanwarta.

"Habsa, ina hatsin?"

"An ci, Yaya."

Dija ta ɗaure kaya don bin Habsatu Yamai, ita da ƴaƴanta uku, mijin ya ce shi zai tsaya ya tsare gida. Da suka biyo ta Filinge Habsatu ta leƙa likita. Rakiya na zaune tana tsotsar kunu a cokali. A'isa ta ɗago ta gan ta a bakin ƙofa, ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba.

"Hajiya," ta ce, "Allah shi karɓi tubarki."

Habsatu ta buɗe baki za ta yi bayani, ta fasa. Ta ce, "Amin."

A hanyar komawa ta ƙi zama gaba. Ta shiga baya tsakanin ƴaƴan Dija, da suka kusa sansanin ta kwanta a ƙasan motar ta ce a rufe ta da tabarma. Ba ta tashi ba sai Baleyara.

A Yamai ta gaya wa Tahiru komai, ta ce ta bar wasan. Ya ce saura kashi huɗu, in ta fita yanzu Hajiya Delu ta ci bulus ke nan a idon duk wanda ke kallo. Ta kwana biyu tana tunani, ta dawo. Ranar ɗauka mai kwalliya ta rufe ɗinkin da ɗankwali. Da mai goyo ta zo ƙofa, Habsatu ta tare ƙofar ta lanƙwasa wuya, murya ta ƙi fita. Aka tsaya aka ba ta ruwa. Sai a karo na huɗu ta faɗi maganar, dariyar kuwa ba ta yi ba, Tahiru bai ce ta yi ba. A rubutunsa na kashin ƙarshe jama'ar gari ne za su fasa ƙofa su jawo Hajiya Delu waje. Habsatu ta ce wannan ko za a kore ta daga aiki ba za ta yi ba. Ya sake rubutawa, jandarma biyu suka zo suka yi sallama suka tafi da ita.

Ruwa ya sauka a watan bakwai. Dija ta koma ƙauye da iri, ta samu mijinta da rai. Habsatu ta ci gaba da aiki shekara goma sha takwas bayan haka, ta fito a ungozoma, ta fito a uwar soja, ta fito a makauniya mai waƙa, ta koyar da ƴan baya da dama. Sau da yawa an kawo mata matsayin muguwa, ta ce a ba wata. Kailu ya gaya mata sansanin ya watse da ruwan farko, ba abin da ya rage sai duwatsun murhu. Ta sa shi ya yi mata cigiyar A'isa da Hamani a kasuwannin Bonkuku da Baleyara har damina biyu, ba a samu wanda ya san inda suka nufa ba.